Ɗakin da Onelia Ta Auna wa Yayanta

Duk layinmu babu wanda bai san Onelia Zulueta mai ɗinki ba, ko da bai taɓa kai mata yadi ba. Gajera ce, har sai da aka ɗaura mata katako a kan fedar keke kafin ƙafarta ta kai, amma bakinta ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Rabin 'yan matan da suka yi bikin cika shekara sha biyar a wannan ɓangaren na Havana, a gaban madubinta suka juya suka ga rigarsu. Yanzu ta haura sittin, tana ɗinki har gobe, kuma tana yi wa kowa tatas in ya taɓa ta. Magana ɗaya ce in aka ɗauko sai ka ga ta duƙufa kan keke kamar zare ya harɗe mata, ita ce maganar benen da ta yi a gidansu.

Gidan nasu ɗaki ɗaya ne tal, a irin tsofaffin gine-ginen nan masu rufi can sama kamar na coci, da wata doguwar ƙofa wadda ko mutum ya ɗauki wani a wuya zai wuce. A nan aka haife ta, ita da yayanta Fermin, a nan kuma uwarsu ta rasu ta bar Onelia ƙarama. Fermin ne ya riƙe ta. Ya bar makaranta ya shiga dako a tashar jiragen ruwa, ya koyi dafa shinkafa da baƙin wake, har kitso ya koya don kada a yi mata dariya a aji. Shi ya sayo keken ɗinkin, a kansa ya ɗauko shi tun daga bakin ruwa. Bai taɓa aure ba. Akwai wadda ya so, ta ce ita ba za ta zauna ɗaki ɗaya da ƙanwar miji ba, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Dogo ne na gaske, in yana tafe a layi daga nesa kansa ake fara hangowa, kuma bai taɓa kiran Onelia da sunanta ba sai Auta.

Ita kuwa ta yi aure ta kawo miji cikin ɗakin, aka raba da labule. Ta haifi Yadira, mijin ya tsallaka ruwa bai sake waiwayowa ba. Duk wannan Fermin yana bayan labule a kan gadonsa na ninkewa, da safe ya ninke ya jingine.

Da Yadira ta girma ta samu ciki, kuma mijinta zai tare a gidan, sai labule ya kasa. Onelia ta yi abin da kowa yake yi a unguwar: ta kira Casimiro kafinta ya raba musu tsawon ɗakin biyu, a kafa katakai a bango, a shimfiɗa daɓen katako, a sami bene a cikin ɗaki. Barbakowa muke ce masa.

Ranar tsari ta ɗauki allin ɗinkinta ta zana ɗakunan sama a kan daɓen ƙasa, tana ja da baya tana kallo kamar mai yanka riga. Na gaba, wanda zai sami saman taga da iska, na Yadira ne da miji saboda jariri. Na tsakiya nata ne, a bakin matakala. Na ƙurya, saman inda ake girki, na Fermin. Kowa ya amince, don tsarin ya yi ma'ana.

Sai aka zo kan tsawo.

“To, Onelia, tsawon nan guda ne,” in ji Casimiro. “In ƙasa ya ci, sama ya rama. Kawo wanda ya fi kowa tsawo a gidan ya tsaya jikin bango, in ɗora tafin hannu a kansa in yi alama. Haka ake yi.”

Haka ake yi kuwa, ko yaro ya sani. Amma akwai sif ɗin Mama. Wani ƙaton sif ne na baƙin katako mai dogon madubi, a samansa da kambi na sassaƙa, furanni da tsuntsaye biyu. A gabansa 'yan mata suke gwada riguna, iyayensu suna zaune suna yaba kambin. Casimiro ya duba ya ce in za a ba Fermin wurin miƙewa a sama, daɓen zai sauko daidai wuyan tsuntsayen nan.

“Zarto biyu ne, na cire miki kambin. Madubin ba abin da zai same shi.”

“Ka cire na gidanku,” in ji Onelia. “Kayan uwata ne za ka guntule min kamar jelar kare?”

“To a fitar da shi.”

“A fitar da kai dai.”

Ta je da kanta ta tsaya jikin bango, ta miƙe iya miƙewarta, ta ce ya auna tsawon ɗakunan sama da ita. Casimiro ya dube ta, ya dubi bayanta, ya sosa ƙeya. A bayan nata Fermin ne tsaye, riƙe da faranti da ƙananan kofunan gahawa da ya dafa wa ma'aikata. Onelia ta san yana nan, tana jin ƙamshin gahawar. Ba ta juya ba.

“Yaya ai kwanciya kawai zai yi a can,” ta ce wa bango. “Ba rawa zai je yi ba.”

“Gaskiyar Auta ne,” in ji Fermin, yana dariya. “Casimiro, karɓi gahawarka kafin ta huce.”

Shi ya yi dakon katakan ma, ɗaya bayan ɗaya, daga wani gini da ya rushe a bayan layi. Aka gama aiki, daɓen ya wuce saman kambin da ɗan yatsa, maƙwabta suka yi ta shigowa suna cewa Onelia ta iya tsari, ƙasan nan kamar ba a taɓa shi ba. Ta ji daɗi ƙwarai, ba za a ɓoye ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da safe tana kan keke sai ta ji ƙum daga ƙurya ta sama, sai shiru, sai tari. Ita kuma ta ƙara taka fedar da ƙarfi. Wata rana ta hau ɗauko almakashi ta hango shi ta gefen labule yana sa wando a kwance, kamar yadda ake sa wa jariri. Ta sauko ba almakashin. Ya fara sa hula a cikin gida, shi da ko a rana ba ya sawa, kuma ta san abin da ke ƙarƙashin hular, don ita take wanke matasan kai. Kullum sai ta ce a ranta gobe za ta yi magana, goben kuma ta zo da ɗinkin gaggawa. Jariri ya iso, gida ya cika da kuka da tsumma, aka manta da kowa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Da za a kai yaron coci a yi masa baftisma, Fermin aka zaɓa ya tsaya masa. Onelia ta ce za ta ɗinka masa farar riga mai aljihu huɗu, irin ta manya. Ba ta auna shi ba. Ina ruwanta da awo, ita da take ɗinka masa tun tana budurwa? Awon yayanta a kanta yake.

Da hantsi ta kira shi gwaji. Ya sa rigar, sai bayan ya ɗage sama, gaban ya zubo kamar na mai ciki.

“Tsaya sosai mana, Yaya.”

“Ai a tsaye nake.”

“Miƙe, na ce. Kana ɓata min aiki.”

“Na miƙe, Auta.”

Ta ja bayan rigar ƙasa, ya koma. Ta sake ja, ya koma. Mai ɗinki ba a yi mata ƙarya da jiki. Ta san irin bayan da yake ɗage riga haka, ta yi wa tsofaffi da yawa gyara. Ta ɗora tafinta tsakanin kafaɗunsa ta ji wurin ya tashi, ya yi tauri.

Shi kuwa yana kallon madubi yana murmushi. Tun yana saurayi madubin nan a gira yake yanke masa kai, har abin ya zama wasa a gidan, wai Fermin bai san kalar gashinsa ba.

“Kin ga,” ya ce, “yau dai na ga kaina gaba ɗaya a madubin Mama. Ashe sanƙon har ya kai haka?”

Ya cire hula don ya gani da kyau. Tabo ne a kan tabo, wani ya warke, wani ɗanye.

Kunya ta rufe Onelia, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zare allurai daga bakinta ɗaya ɗaya, don ba za ta iya magana da su ba, kuma ko da ta zare maganar ba ta fito da sauƙi ba.

“Yaya, ranar nan da Casimiro ya yi awo...”

“Ina nan ai. Ni ke riƙe da gahawa.”

“Me ya hana ka magana? Gidanka ne. Ka fi ni gado a cikinsa.”

Ya juya hular a hannu. Babu fushi a muryarsa, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

“Da sif ɗin kike neman abinci, na sani. Da kin tambaye ni, da na ce a bar shi. Ni dai na ɗauka za ki juyo ki dube ni, ko sau ɗaya. Da na ga ba ki juyo ba, sai na ce to, an gama magana.”

Ya maida hularsa, ya tambaye ta ko rigar za ta gyaru kafin Lahadi. Ta ce za ta gyaru. Ta ƙara yadi a baya, ta rage gaba, kuma a coci kowa ya yaba ɗinkin.

Washegari ta je wurin Casimiro ta ce ya zo ya sauke daɓen, ya guntule kambin, ya ƙone shi ma in yana so. Casimiro ya girgiza kai. Katakan an dasa su da siminti a cikin tsohon bango, ya ce, bangon kuma da ƙyar yake tsaye. A taɓa shi, har na maƙwabta sai ya sauko. Ta zage shi, ya ce ta zaga, ai ya faɗa mata tun ran farko. Ta juya ta kama hanya.

Sai ta dawo ta sa mijin Yadira ya tura sif ɗin can lungu, aka sauko da gadon Fermin aka kafa shi a ƙasa kusa da taga, inda iyayen 'yan mata suke zama. Ita ta kwashe kayanta ta koma ɗakin ƙurya, saman murhu. Yadira ta ce masu kawo ɗinki za su ga gadon Kawu a falo. Onelia ta ce su gani, wadda abin bai yi mata ba ga hanya nan.

Shekara nawa ke nan, a ƙasa yake kwana, rufi kuma ya yi masa nisa yadda ya kamata. Ta kai shi asibiti, ta saya masa man shafawa, tana matsa masa baya da hannunta. Da yamma yakan fita wasan domino a bakin layi, ita tana kan keke tana fuskantar ƙofa, doguwar ƙofar nan ta asali da ba a taɓa rage ta ba. In ya dawo, kafin ya ɗaga ƙafa ya shigo, sai ya dafe hularsa ya sunkuyar da kai.