Mai Wanke Kwalaben Zahra'u

Kullum kafin ƙarfe bakwai, Malam Atiku Dodoru ya riga ya jingine babur ɗinsa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Kalgo. Sai ya share, ya tace ruwa, ya jera kwalabe yana ɗaga kowacce yana dubawa a hasken taga. Shekara ashirin ya yi yana wannan aiki a wata makarantar sakandare a Gwandu, ya ƙara goma a nan. A watan nan zai yi ritaya.

Bara wata ɗaliba, Zahra'u, ta ɗauki bincike mai wuya don kundin digirinta. Tana sa ɗan guntun baƙin da ake yin bakin fensir da shi a cikin ruwa, ta harba masa wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza. Hasken yana farfasa sinadarin kabon da ke cikin baƙin, ƙwayoyinsa su sake kama juna a layi ɗaya kamar duwatsun wuya a zare. Ido ba ya ganin waɗannan sarƙoƙi. Wata na'ura ce ke haska ruwan, idan suna nan sai ta zana tsaunuka a allo.

Wata huɗu Zahra'u tana gwadawa, allon bai nuna komai ba sai tudu ɗaya marar siffa. Malaminta, Dakta Abdulrasheed, ya ba ta mako biyu, ko sakamako ko ta sake batu, shekararta ta tafi a banza.

Wata safiya Malam Atiku ya same ta a bakin famfo, kumfa har gwiwar hannu.

"Ɗiyata, mi kike yi?"

"Wanke-wanke, Baba."

"Shi ya sa ban taɓa ganin kwalabenki a kwandona ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Haba Baba, ka haife ni. Ni in ɓata, kai ka wanke?"

Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ta shanya, ya sansana, ya yi dariya. "Wagga ai ƙamshin amarya take. A rugarmu, in kika sa sabulu a ƙwaryar nono, inna ta kore ki da muciya. Abin da ya kwana a jikin mazubi, cikin nono yake tashi. Ba ni su. Kunya ba ta wanke kwalba."

Ashe ragowar sabulun ne yake shanye hasken na'urar, ya rufe sarƙoƙin. Malam Atiku ya ɗauraye kwalaben da tataccen ruwa har sau bakwai, ya busar a tanderu, ya rufe.

Ranar Laraba aka sake gwaji. Tsaunuka suka miƙe a allo, ɗaya bayan ɗaya, tsaf. Waɗanda suke wurin sun ce Dakta ya cire tabarau yana ta faɗin "Allahu Akbar", Zahra'u kuwa ta fita a guje tana kiran Baba. Ta same shi yana shanya tsumma.

Malam Atiku, sarkin tsabta na Dodoru! Kai ne ka ga abin da masu digiri suka tsallake. Sunanka yanzu yana shafin farko na kundin Zahra'u, sama da na Dakta, kuma Daktan ne ya ce a sa shi haka.

Mun gode, Baba. Allah Ya sa ka huta lafiya cikin shanunka. Ku kuma matasan da za ku gaji kwandonsa, ku riƙa ɗaga kowace kwalba a hasken taga kafin ku ce ta fita.