Motar da Ta Tsaya a Bakin Taɓo

Ikara, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallah na fito ƙofar gida da mayafina da jakar hannu, sai ga ta a tsaye, baƙa wuluk, fitilunta kamar idanun da aka sha wa kwalli. Tun ina aji biyu na sakandare nake karanta littattafan soyayya, kuma da wuya ka ga wanda saurayin cikinsa bai zo da irin wannan jif ba: ya zuge gilashi a hankali, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Shekara da shekaru a takarda nake ganinta. Yau ni ce zan shiga.

Mai motar Yaya Auwalu ne, ɗan yayar Ummanmu, mazaunin Abuja. Ya kawo ta gida ne manya su sa mata albarka. Dalilin tafiyarmu kuwa Kawu Ilu ne, wan Umma, wanda ya riƙe Yaya Auwalu tun yana maraya. Matarsa Inna Delu ta faɗi ta karye a ƙugu, aka kai ta gidan wani mai ɗori a Hunkuyi, kwana ashirin ke nan. Shekara hamsin da aurensu ba su taɓa rabuwa haka ba. Saƙo ya zo cewa ta daina cin abinci, ko kunu sai an yi da gaske, mai ɗori kuma ya ce ƙashi ba ya haɗuwa a jikin da ba ya ci. Shi kuwa Kawu gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya zaman babur, ga damina ta cinye hanyar ƙauyensu, ƙaramar mota ba ta shiga.

Da Umma ta roƙi Yaya Auwalu ya kai Kawu wurin Inna, dariya ya yi. "Haba Umma, ai don irin wannan hanya aka ƙera ta. Ko dutse ne hawa za ta yi."

Hanyar Makarfi

Ina zama motar ta fara wani ƙiƙ-ƙiƙ ba ƙaƙƙautawa.

"Rabi, ɗaura bel," in ji shi. "Ba za ta yi shiru ba sai kin ɗaura."

Kujerun fata ne, amma har yanzu da ledar kamfani a jikinsu, duk motsin da na yi sai ta yi ƙara. Tun daga fitarmu gari yake ba ni karatu. Ga jakunkunan iska a gaba da gefe, waɗanda ke fashewa su tare mutum in an yi haɗari. Ga allo mai nuna motar daga sama, kamar wani tsuntsu ne ke bin mu yana ɗaukar hoto. Ga rufin gilashi, ta nan na ga tauraro na ƙarshe yana dusashewa, har na ji ƙwalla ta taho mini don daɗi. Sai ya ɗora yatsa a kan wani maɓalli mai juyawa kusa da giya.

"Wannan na rairayi, wannan na duwatsu, wannan na taɓo. In na murɗa nan, ɗagawa take ta ƙara tsawo, ƙafa huɗun nan duk su kama aiki."

Ramukan da ke girgiza hanjinmu a bas, ita haɗiye su take yi. Muna dab da Makarfi wani ɗan maraƙi ya faɗo titi daga cikin rake. Kafin in yi salati motar ta ci birki da kanta, bel ya riƙe ni gam.

"Kin gani? Wallahi ban taka ba!"

Na gani, kuma har gobe ina yaba mata.

Makarfi, ƙarfe bakwai saura kwata

Mun tsaya karin kumallo. Nesa da mai waina ya ajiye motar, wai kada hayaƙi ya kama ta, ya kuma ce ba a cin abinci a ciki. A tsaye na ci wainar ɗari biyar da miyar taushe. Na sayi mazarƙwaila ta dubu ɗaya saboda Inna, don ita ce abin da take so a kunu.

A nan wayarsa ta yi ƙara. Wani abokinsa ne da ke walima a Kudan ƙarfe biyu na rana.

"Da ita zan zo, mutumina! Ka gaya wa su wane su tanadi idanu."

Ban kawo komai a raina ba. A shingen da ke bayan gari ma ko tambaya ba a yi mana ba, hannu kawai aka ɗaga mana, ga bas uku a jere cike da mutane suna jira. Ba zan ɓoye muku ba, na gyara zama na ɗan ɗaga haɓa. Yanzu in na tuna kunya nake ji.

Bayan Nasarawan Doya, ƙarfe bakwai da rabi

A nan kwalta ta ƙare mana. Daga bakin titi zuwa ƙauyen Kawu kilomita huɗu ne, jar hanya tsakanin gonakin masara, ruwan jiya ya kwanta a kanta. Yaya Auwalu ya tsaya, ya fito yana ɗage farar shaddarsa, ya leƙa, ya dawo ya kashe mota.

"Yaya, lafiya?"

"Ba za ta yiwu ba."

Wani manomi da ke wucewa da fartanya a kafaɗa ya gaishe mu ya ce, "Alhaji, ƙasan da ƙarfi fa. Taɓon sama ne kawai, bai kai gwiwa ba."

Na nuna masa maɓallin. "Ba ga na taɓon ba? Kai ka nuna mini ɗazu."

"Rabi, ba ki san mota ba. Shiga za ta shiga, fita za ta fita, wannan ba matsala ba ce. Amma wa zai wanke mini ƙarƙashinta kafin ƙarfe biyu? Ga ƙaya a gefen hanya. Kin san yadda ake gyaran fentin nan in ya karce?"

Da a ce ya ce mini tsoro yake kada ta kafe, da na yi masa uzuri. Amma da bakinsa ya ce za ta iya. Mota mai ƙarfin da za ta ja tirela, an tsayar da ita a bakin taɓo kamar amarya mai sabon lalle!

"Kawu ne fa, Yaya. Mutumin da ya goya ka a kan hanyar nan zuwa asibiti lokacin da ka yi ƙyanda."

"Kada ki yi mini rashin kunya. A samo babur."

"Da yana iya hawa babur, da mun jira ka?"

Ya zuge gilashi. A hankali, daidai yadda ake yi a littafi, sai dai rufewa ya yi ba buɗewa ba. Na cire takalmina na riƙe a hannu, na tattare zane, na shiga taɓon.

Ƙauyen Kawu, ƙarfe tara saura kwata

Sa'a ɗaya da kwata na yi ina tafe ina zamewa, ina magana ni kaɗai kamar sabon kamu. Na tarar da Kawu a zaure kan buzu, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, sandarsa a gefe, da ɗan ƙulli a cinyarsa. Maƙwabta suka ce tun asuba yake nan a shirye.

Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Umma da kowa da kowa har ƙarshe. Sannan ya karkata kunne waje.

"Ban ji kukan mota ba, 'yar nan."

"Tana bakin titi, Kawu."

"Lalacewa ta yi?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, sai ya ce, "To. Allah ya kyauta."

Maƙwabcinsa Malam Buba, Bafulatani mai noma da shanu, yana tsaye yana ji. Sai ya juya ya fita. Can sai ga shi da amalanke da bijimai biyu da ya kwanto daga huɗa, ya shimfiɗa katifar ɗakinsa a ciki. Mutum uku suka ɗaga Kawu.

Wannan tafiya ba na so in tuna ta. Duk ramin da ƙafar amalanken ta faɗa, sai in ga Kawu ya damƙe katako ya cije leɓe, ko wayyo bai ce ba. Yayyafi ya sauko, na rufa masa mayafina. Taɓo ya yi wa rigar Juma'ar zane har kafaɗa. Ni kuwa ba abin da nake gani sai kujerar fatar can, mai kwanciya da baya, mai ɗumama kanta, tana zaune fanko.

Bakin titi, ƙarfe goma sha ɗaya

Mun sami Yaya Auwalu a cikin mota da sanyin iya kwandishan yana duba waya. Ya fito, ya dubi ƙasa jiƙaƙƙiya, ya dubi shaddarsa, sai ya ɗan rusuna daga tsaye.

"Kawu, ina kwana? An zo lafiya?"

Daga tsaye! Na ga Malam Buba ya kau da kai yana gyara igiyar bijimansa. A hannun Yaya Auwalu akwai wani buhu da ya tanada zai ƙara shimfiɗawa a kan ledar kujera.

Aka sauko da Kawu aka kawo shi bakin ƙofa, amma motar ta yi masa tsawo, ƙafarsa ta kasa kaiwa. Yaya Auwalu ya danna wani abu. Sai muka ji tana huci, ta yi ƙasa a hankali, ta yi ƙasa, har ta kusa taɓa ciyawa.

Kawu ya tsaya yana kallonta. Ya gyaɗa kai.

"Madalla. Ita dai an koya mata gaida manya."

Malam Buba ya yi tari don ya ɓoye dariya, bai ɓoyu ba. Yaya Auwalu ya mayar da buhun bayansa, ya rasa inda zai sa idonsa. Duk da haka Kawu ya dafa motar da hannunsa mai taɓo ya yi addu'a, Allah ya tsare ta, ya tsare mai ita da duk wanda zai shige ta. Na miƙa wa Malam Buba abin goro, ya ture hannuna. "Ke dai ki gaishe mini da Delu."

Hunkuyi, ƙarfe goma sha biyu da kwata

Muka kama hanya. Kawu ya yi barci kafin mu yi nisa, kansa ko girgiza bai yi ba. Wannan ya ƙara mini takaici, don na ga irin sauƙin da aka hana shi tun safe.

A bakin lungun mai ɗori Yaya Auwalu ya tsaya, ya ce sauri yake ya nemi masu wankin mota, in ya taso daga Kudan zai biyo ya gaida Inna. Bai biyo ba. Magidanta biyu daga gidan suka ɗauki Kawu a kujera zuwa ciki.

Inna Delu tana kwance a ɗakin baƙi, ta rame har na kusa kasa gane ta. Kwanon tuwo na gefenta a rufe ba a taɓa ba. Na tsaya a bakin ƙofa na shirya hawayena, don na san yadda irin wannan haɗuwa take a littafi.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sai yau?"

"Sai yau."

"Dubi rigarka, kamar wanda ya fito daga kududdufi. Wa ka bar wa kajina?"

"Matar Buba. An ce kin daina cin abinci."

"Wa ya ce? Miyarsu ce ba daddawa."

Kawu ya kwance ƙullin da ya riƙe tun asuba. Daddawa ce, irin wadda ta yi da hannunta kafin ta faɗi. Ya marmasa kaɗan a miyar, ya jawo kwanon tsakaninsu, ya wanke hannu, ya yi bisimilla ya gutsura. Ta harare shi.

"Cinyewa za ka yi ka bar ni? Rabi, tashe ni zaune."

Na tashe ta. Sai da suka suɗe kwanon, ta ce a duba ko da saura a tukunya.

Komawa gida

A gidan na kwana, matar mai ɗori ta ba ni tabarma da filo. Kawu ya ce ba inda za shi sai Inna ta taka da ƙafarta. Washegari ƙarfe takwas na kama hanya: bas biyu da babur ɗaya, dubu huɗu da ɗari biyar, mu huɗu a kujerar mutum uku, kwandon tumatir a kan ƙafata. Na shiga Ikara ana kiran azahar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa mai ɗori da iyalinsa. Na gode wa waɗanda suka ƙera motar nan ko su wane ne, sun yi aikinsu, ba su rage komai ba. Godiyata mafi girma ta Malam Buba ce, wanda ya bar huɗarsa ta yini guda ba a roƙe shi ba. Iyakar waɗanda zan gode wa ke nan. Da na fito gidan mai ɗori da safen nan, Inna Delu tana kan kofin kunu na biyu, tana yi wa Kawu faɗa wai ya cika mata mazarƙwaila.