Ranar da Kaka Ya Yi Shiru a Gindin Dutse

Kakana na wajen uwa bai taɓa riƙe wani muƙami ba, amma shekara arba'in da ɗoriya shi ke kula da ruwan da ƙauyenmu ke sha. A gidanmu ni ce mai rubuta wa ya haifi wa, wa ya rasu a wace damina. Don haka dole in rubuta wannan ma, ko da yake da hannuna a cikin ɓarnar.

Ƙauyenmu a gindin wani dutse yake. Kusa da ƙololuwarsa, a ƙarƙashin wani ɓaure, ruwa na fitowa daga tsagin dutse rani da damina. Tun yana saurayi Kaka ya jera duwatsu ya yi wa ruwan kwarmi uku, wani ƙasa da wani. Na sama na sha ne, daga nan bututu ya ɗauko ruwa ya gangaro da shi har famfon tsakiyar gari. Na tsakiya na wanke jiki, na ƙasa na dabbobi. Duk Asabar sai ya hau ya kwashe ganye da hannu, ya kankare gansakuka, ya duba bakin bututu. Tsohon Dutse mutanen gari ke ce masa.

Shi ne kuma jagoran duk baƙon da ya zo hawa. Kafin a ɗaga ƙafa sai ya tsayar da kowa a gindin dutse ya yi bayaninsa: "Kwarmin sama na baki ne kawai, shi ma da moɗa. Hannu ba ya shiga, ƙafa ba ta kusanta. Mai son kewayawa ya gaya mini in nuna masa wancan gefen. Abin da ka hau da shi, ka sauko da shi." Mun haddace shi tun muna ƙanana, har kwaikwayonsa muke yi idan ya juya baya.

Shekarar da na gama sakandare, Yayana, wanda ke aikin akawu a wani kamfani a birni, ya kawo mutanen ofis ɗinsu su hau dutse. Mutum goma sha huɗu ne a farar bas, har da Manaja da matarsa da jaririnsu. Da na ga fararen takalmansu da ƙananan kwalaben man tsabtace hannu da ke rataye a jakunkunansu, sai kunya ta kama ni. Na ja Kaka gefe.

"Kaka, don Allah yau a bar wa'azin nan. Mutanen nan duk masu digiri ne."

"Amaryata, digirin ya gaya musu wane kwarmi ne na sha?"

"Tsafta ai a makaranta ake koyar da ita. Yanzu sai ka tsaya kana gaya wa Manaja inda zai tsuguna?"

Yaya ya matso yana goge gumi. "Wallahi Kaka, ka rufa mini asiri. Mutumin nan ba ya son a yi masa surutu."

Kaka ya dubi takalman, ya dubi nasa silifas na tsohuwar taya. "To," in ji shi. "Kun fi ni sanin mutanenku." Ya ɗaga sandarsa aka kama hanya.

Ranar Asabar ce, dutsen ya yi kyau ƙwarai. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ciyawa ta yi shar. Daga rabin hanya kana hango gonaki kamar an shimfiɗa tabarmi, rafi na ratsa su yana ƙyalli, shanu sun zama kamar tururuwa. Baƙin kuwa bayansu suka ba duk wannan, suna ɗaukar fuskokinsu a waya. Wani ya kunna kiɗa har birai suka watse. Wata ta tofar da cingam a kan falalen da manoma ke zama su ci abinci. Suka faɗa gonar gyaɗar wata bazawara suka tattake kunya huɗu, wai a nan hasken ya fi kyau. Leda, gwangwani, ƙashin kaza, duk inda suka wuce sai ka ce juji ne ke tafiya. Kaka ya koma baya yana tsincewa yana cusawa a aljihu.

Da muka iso ɓaure, Manaja ya zube a bakin kwarmin sama yana haki. Ya kwance takalmi, ya zare safa. Warin da ya tashi har yau in na tuna sai yawu ya taru a bakina. Yatsunsa sun yi fari fat, fatar tsakaninsu na saɓulewa.

"Ranka ya daɗe," in ji Kaka, "na tsakiya ya fi faɗi."

"Wannan ya fi haske, Baba," Manaja ya ce, ya tsunduma ƙafafu biyu. "Kai! Ku zo ku ji sanyi!"

Kaka ya buɗe baki, na ja hannun rigarsa. Ya dube ni, ya rufe. Sai ya lallaɓa ya cire hularsa ya toshe bakin bututu da ita, don kada ko ɗigo ya gangara gari. Mutum biyar suka wanke ƙafa a ruwan shanmu. Ɗaya ya kuskure baki ya furzar a ciki.

Can jaririn ya fara tsala kuka. Matar Manaja ta ce maza su ɗan ba ta wuri za ta gyara shi. Kaka ba mutumin da zai tsaya a kan matar wani ba ne, sai ya kwashi mazan zuwa ƙololuwa. Ni ma na bi, don an ba ni waya in yi ta ɗaukar su. Da muka dawo wurin fes, ko tsinke babu.

"Ni ba na barin shara a fili," in ji matar Manaja, tana shafa man nan a hannu. "Mutane ba su da tarbiyya ne kawai."

Bayan sun tafi Kaka ya sake hawa da bokiti. Ya kwashe kwarmin tas, ya dirje shi da yashi sau biyu, sannan ya buɗe bututu. Muka ɗauka an wuce wurin.

Ranar Talata Inna ta ce ruwan randa na da wani ɗanɗano. Kafin azahar 'yan biyun Goggo sun fara gudawa, kafin la'asar gida shida. Kaka ya ɗauki sanda. "Taso," ya ce mini. Ranar bai kira ni amarya ba.

Da muka hau, kwarmin sama garau yake, amma ƙudaje sun yi baƙi a bakin tsagin da ruwan ke fitowa. Kaka ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa. Abin da ya jawo ƙunzugun jariri ne, irin na yarwa, ya kumbura ya yi kamar mushen kaza, ya fashe ta gefe, kashin ya narke yana bin yatsunsa. Ya sake zurawa ya fito da na biyu, da tsummokaran goge jiki. Ashe tsaftar tata ke nan: ta nemi ramin da ido ba zai gani ba, ta cusa da sanda. Kwana uku muna sha, muna dafa abinci, muna ba jarirai. Na juya na yi ta amai.

"Ki yi can nesa," in ji Kaka. "Nan ya sha isasshe."

A bakin famfo ya gaya wa mutane gaskiya. "Na kai baƙi ban yi musu bayani ba. Laifina ne." Na ce ni na hana shi. Ya ce, "Ke kika roƙa, ni na yarda. Wa ya fi shekaru?"

Yaran sun warke, sai dai ƙaramar 'yar biyun ta kwana huɗu a asibiti. Famfo kuwa aka ƙaurace masa. Mata suka koma rafi, tafiyar awa guda, inda shanu ke shiga. Kaka ya wanke tsagin, ya sa malamin lafiya ya zuba magani a bututu, ya bar ruwa na zuba kwana bakwai. Ba wadda ta kawo bokiti. Goggo, 'yar cikinsa, ta ce, "Baba, ko na rufe ido abin nake gani. Gobe wasu za su zo, wa zai tsare?"

Ba ta yi ƙarya ba. Yaya ya bugo waya yana murna, wai hotuna sun yi farin jini, bas biyu za su zo ƙarshen wata, kowa ɓauren nan yake tambaya. Kaka ya saurara har ya gama, ya miƙo mini wayar.

Washegari ya kira magini. Kwana biyar suna hawa da siminti a ka, ni ma na ɗauki yashi. Suka kifa manyan falalen duwatsu a kan tsagin da kwarmin sama, suka liƙe ko'ina, suka bar ƙaramar ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Wurin da ya fi ko'ina kyau a dutsen ya koma kamar murfin masai. Kaka ya tsaya yana kallon aikin, ya tofar da yawu gefe.

Muka sauko, ya zauna a bakin famfo da moɗa, ya tara ya sha a gaban kowa. Haka ya yi ta yi kullum da safe. A kwana na tara Goggo ta fito da bokiti. Ta tara, ta shinshina, ta zubar, ta sake tarawa. Sannan ta aza a ka ta wuce gida, matan layinmu na leƙowa ta katanga.