Maiƙon da Ban Wanke Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokin aikina, a kan babur ɗinsa mai tari kamar tsohon mashayi. Kurmin Kogi muka nufa. Kawuna ya haƙa rijiyar burtsatse mai sola, yana son wayar jan ƙarfe da za a binne saboda tsawa.

Aikina a masana'antar kebul shi ne wanke waya. Idan inji ya ja ta, takan fito jiƙe da man da ke sa ta santsi, kuma sai an wanke tas kafin a sa mata roba, in ba haka ba robar ba ta kamawa. Wadda na saya wa kawu kuwa, gaggawa ta hana ni wankewa. Na cusa ta a buhu ina jin kunya, wanzami ba ya son jarfa.

A Kudan muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar yana jinya. Makarfi kuwa rake ko ta ina, har ƙanshin mazarƙwaila na bin mu. Maiƙo ya riga ya ɓata mini riga, ina ta tsaki.

Bayan Gubuchi, a wani ƙauye, muka tarar an gitta itace a hanya. Ashe an sace musu wayar taransifoma, sun daɗe a duhu. Wani ɗan sintiri ya zazzage buhuna, jan ƙarfe ya zubo yana walƙiya. Nan take aka ce ga ɓarayin. Mutane suka yi ta fitowa da gorori, na hangi wani yana gangaro da taya. Na shiga salati a zuci, ina tuna 'yata da na baro tana barci.

Wani dattijo, maƙerin garin, ya ratso taron. Ya shafa wayar, ya murza yatsunsa, ya shinshina.

"Yaro, wannan man na mene ne?"

"Baba, na inji ne. Ban samu na wanke ba."

Ya juya ga jama'a. "Ɓarawo ƙona roba yake, wayarsa baƙa ce, tana ƙauri. Ko ya kankare ta, ba ta maiƙo. Wannan ba ta taɓa hawa falwaya ba. Ku janye itacen."

Mai tayar bai so ba, amma ya jingine ta.

Muka wuce Ikara, muka isa Kurmin Kogi. Kawu ya karɓi wayar, ya dubi tafin hannunsa, ya ce ashe mai wanki ma ƙazami ne. Ban iya dariya ba.

Mun dawo gida lafiya kafin magariba. Na koyi cewa a wannan zamani ba a yawo da jan ƙarfe a buhu. Uwargida ta ɗauki rigar za ta jiƙa, na karɓe na rataye ta. Tana nan da maiƙonta.