Kwanon Malam Ganye

Malam Ganye mai aski ne, kuma ba a banza ya samu sunan ba. Shekarun baya ya wayi gari ya sanar cewa shi da duk abin da ya fito daga jikin dabba sun yi hannun riga: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, zuma ma ya ce gumin ƙudan zuma ce. Tun daga ranar shagonsa ya koma aji. Mutum na zaune an ɗaure masa ƙyalle a wuya, reza na shawagi kusa da maƙogwaronsa, Malam na yi masa bayanin halin da kaji suke ciki. Ba a taɓa samun wanda ya yi masa gardama a kan kujerar nan ba, shi kuwa ya ɗauka ƙarfin hujja ne.

A gida matarsa ta saurare shi tsaf, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta juya kifinta a kasko. Mutum ɗaya ce ta bi shi da zuciya ɗaya, 'yarsa Auta. Tela ce, amma kullum da rana sai ta ajiye keke ta kawo masa wake da alayyafo da ta dafa da hannunta, cikin kwano mai murfi. In ana zancen masu magana ɗaya, babanta take kawowa misali. Malam zai iya jure rasa masu zuwa aski, amma ba zai iya jure rasa wannan kallon da take yi masa ba.

Sai wani mai gashin kaji ya kafa teburinsa a bayan shagon. Malam ya rufe taga. Bayan kwana biyu ya buɗe, wai zafi. Daga nan ya sayi fiffike ɗaya, don dai ya tuna wa kansa irin ƙazantar da ya tsere wa. Tunawar ta yi tsawo, har ta kai ga kaza sukutum a bayan labule.

Matsalar ita ce ciki ɗaya gare shi, kwanon Auta kuma dole ya koma gida wayam. Sai ya riƙa miƙa wa maƙwabcinsa mai faci, da sunan zumunci. Mai faci bai tambayi dalili ba, ya dai riƙa wanke hannu da wuri.

Shagon aski ba wurin ɓuya ba ne, madubi ta ko'ina. Wata rana Malam ya ɗaga kai da cinya a baki, ya ga kansa ta gaba, ta gefe, har ta ƙeya, maiƙo na bin gemu. Kunya ta kama shi. Ya yanke shawarar komawa kan hanya shiru, ba wanda ya ji bare ya gani. Ranar ya cinye waken Auta tas, har ya sake jin kansa mutumin kirki.

Washegari Auta na tafe da kwano, mai faci ya tare ta a bakin titi, fuska ba walwala. Ya ce ko ya yi wani laifi ne, jiya ya zauna har la'asar bai ga abinci ba, bayan watanni yana ci. Ya ƙara da cewa in za ta ji shawara, ta rage gishiri kaɗan.

Ta shigo shago ta tarar da Malam yana kaɗe tawul. Da ganin fuskarta ya gane asiri ya tonu, nan take ya fara zuba, cewa ɗan'adam ajizi ne, tuntuɓe ne, kuma ai tun jiya ya dawo.

"Baba, naman cikinka ne, ba ruwana," in ji ta. "Amma kullum in na tambaye ka ya abincin, sai ka ce ya yi daɗi."

Ya ci gaba da kaɗe tawul ɗinsa.

Malam ya dawo kan ganye da gaske, har ya fi da tsanani, ko ƙamshin miya ya ji sai ya tsallaka titi. Auta ba ta daina girki ba. Kullum da rana takan zo da kwanonta, ta gaishe shi daga bakin ƙofa cikin ladabi, ta wuce wurin mai faci. Malam na zaune da ayaba da gyaɗa a takarda, yana jin ƙarar cokali ta bango, da muryar maƙwabcinsa yana cewa yau gishirin ya yi daidai, 'yata.