Jirgin da Tjalling Ya Miƙe a Cikinsa

Ƙanena Tjalling bai taɓa shiga ƙofa kansa a ɗage ba. Mu mutanen Harlingen, garinmu na bakin teku, dogaye ne, amma shi ko a cikin dogayen ma dogo ne. A coci bencin baya ake ba shi, don kada ya tare wa jama'a mai wa'azi.

Aikinsa kamun jatan lande. Ɗakin tuƙi na jirgin ruwan da ya yi wa aiki daidai tsawon mai jirgin aka gina shi, shi kuwa gajere ne mai faɗi. A nan Tjalling ya ƙare ƙarfinsa a duƙe, da hular ulu a ka ko da rani, don ta rage masa zafin karo. Goshinsa duk tabo. In sun dawo daga teku sai ya hau ganuwar da ke tare mana ruwa, ya miƙe a hankali kamar zalɓe, ya daɗe yana kallon inda ruwa ya haɗu da sama.

Da ya bar aiki, likita ya ce ƙashin bayansa ya fara lanƙwasa, in ya ci gaba da zama a duƙe haka zai daskare. Shi kuwa abu ɗaya yake so tun yana saurayi: ya ƙetare babban teku zuwa tsibiran da ba su san ƙanƙara ba, a jirgi mai tafiya da iska, irin mai ciki biyu kamar tagwaye da ake kira katamaran. Sabo ya fi ƙarfinsa, sai na hannu. Kuma dole ya zama wanda zai tsaya a cikinsa sosai, in ba haka ba tafiyar ce za ta ƙarasa masa bayan.

Shi da matarsa Sietske suka yi ta yawon tashoshin jiragen ruwa suna neman irinsa. Ita 'yar ƙarama ce, da ƙyar take kai masa ƙirji. Tun da maigidana ya rasu sukan zo wurina shan kofi ran Lahadi bayan coci, sai in duba goshinsa in san labari.

Wata Lahadi Sietske ta ce, “Yaya Aukje, kin ga sabon ƙululu? Mai jirgin ya rantse ko raƙumin dawa zai tsaya a ciki.”

“A falon sama na tsaya ai,” in ji shi.

“A falo za ka yi wanka, sandar fitila? Da ya sauka ƙasa ji kake ƙum! Har karen mutumin ya yi haushi.”

Shekaru suka tafi a haka. Na lura ya fara jingina da bango kafin ya tashi daga kujera. Sai na ƙara sunansa a addu'ar safe.

Wani lokacin sanyi aka ce akwai wani jirgi a garin Makkum, na wani dattijo Wiebren da ya kai shi tsibiran ya dawo, ƙafafunsa kuma suka gaji. Suka tafi da ni. Jirgin yana cikin babbar rumfar da ake ajiye jirage har sanyi ya wuce, an ɗora shi kan turaku. Haske na zubowa ta rufin rumfar fari-fari, ga ƙamshin igiya da tsohon fenti. Muka cire takalma kamar yadda ake yi, muka hau tsani.

Tjalling ya sauka cikin ɓangaren dama. Ya tsaya kan wata tsohuwar darduma da aka shimfiɗa, wuyansa a karye yadda ya saba. Sai ya fara ɗagowa kaɗan-kaɗan yana jiran ƙum. Bai ji ba. Ya cire hular. Tsakanin gashinsa da rufin jirgin har da sauran wurin tafin hannu. Ya rufe ido, ya yi tafiya daga wurin gado zuwa wurin wanka ya dawo, kafaɗunsa a buɗe. Ban taɓa sanin haka ƙanena yake da kyau ba. Dukanmu sama muke kallo, har da Wiebren. A ranar suka tafa hannu, ciniki ya faɗa.

Sauran sanyin nan Tjalling a mafarki ya yi shi. Yana ɓare dankali yana ba ni labarin kifaye masu tashi sama, da ruwan da ake hango yashin ƙasansa, kamar jiya ya dawo daga can.

Da itatuwa suka fara toho aka saukar da jirgin cikin ruwa. Muna tsaye a bakin tasha sai ga Wiebren da 'yar tirela a bayan mota, cike da katakai masu sheƙi.

“Ga daɓenku,” in ji shi. “A ɗakin saman gidana suka ƙare lokacin sanyi, ko ɗigon danshi babu.”

Kowa a nan ya san ana cire katakan daɓen jirgi lokacin sanyi, don iska ta ratsa ƙasan kada fumfuna ta kama. Tjalling da hannunsa ya yi ta cire su duk shekara a jirgin jatan lande. Abin da ido ya saba da shi ba ya ganinsa. Ashe ranar nan kan fatar ƙasan jirgin ya tsaya, darduma kawai ce a tsakani.

Aka jera katakan. Tjalling ya sauka, ya ɗago, ƙum.

Wiebren ya dafe baki. “Ɗan'uwa, wallahi ban yi tunani ba. In kana so a warware, a warware.”

Tjalling ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana shafa kai. Ruwa na taɓa jikin jirgin a hankali. Can sai ya durƙusa ya fara ɗaga katakan yana miƙo mana su waje.

Sietske ta ce, “Kai dogo, ƙasan nan sanyi ne da shi, kuma ba a shafe yake ba. Za ka yi ta tuntuɓe.”

“Kai nake nema wa wuri. Ƙafa ta yi haƙuri.”

“To ni fa? In ka cire, ko kofi ba zan iya ɗaukowa daga kanta ba.”

Ya dube ta, ya dubi ɗaya ɓangaren. “Ai shi ya sa aka yi shi biyu. Na hagu naki ne da daɓensa. In kin yi kewata ki gangaro.”

“Allah ya kiyaye. Kai dai ka duƙo ka zo.”

Kafin su tafi suka fita da ni gwaji wata safiya mai taushin iska. Da aka buɗe fararen ƙyallayen da ke kama iska, aka kashe injin da ya fito da mu daga tasha, sai na sauka ɓangarensa ba takalmi. Teku na gudu a ƙarƙashin tafin ƙafata, ina jin sanyinsa da motsinsa kamar numfashin wata babbar dabba mai barci. Tjalling na tsaye a gefena yana dafa ruwan kofi, bayansa a miƙe sak, yana rera wata Zabura ƙasa-ƙasa.

Na ce, “Ba ka jin sanyin?”

“Ina ji, Yaya,” ya ce. “An ce can gaba ɗumi yake yi.”