Ranar da Baba ya miƙo mini sifana

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da fanbel ɗin motar Baba, wato belin da ke juya fankar inji, ya tsinke mana a hanyar Kurfi ba.

Motar tsohuwa ce ƙwarai, ja, gajera, mai kujera biyu, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya. Tun yana saurayi ya saye ta, kuma kaf Dutsin-Ma an san ta. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, mai sauƙin kai a komai, amma ban da kan motar nan. Mu 'ya'yansa wanki kawai aka yarje mana. Injinta kuwa ko makanike bai taɓa sa masa hannu ba.

A shekarar da abin ya faru, ciwo ya shanye masa hannun dama, ya daina tuƙi. Ni kuma lokacin na yi aure har da 'ya'ya. Wata safiya da damina aka aiko daga Tamawa cewa jikin Gwaggo ya yi tsanani, tana ta kiran sunansa. Yayarsa ce, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Babur gare ni, shi kuma ba ya iya zama a kansa, don haka dole ya ba ni makullin jar motar.

Muna cikin tafiya, gero ya yi kore shar hagu da dama, sai na ji wani abu ya yi fat a gaba. Kafin in ankara tururi ya fara tashi daga bonet. Na gangara gindin wata kuka na kashe.

"Fanbel ne," in ji Baba, ko leƙawa bai yi ba. "Akwai sabo a bayan kujera."

Da injin ya huce, ya ɗauki sifana da hagu ya sunkuya. Sifanar ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauko masa, ya sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Ya daɗe tsaye yana kallon hannun nasa. Ni dai na kau da kai kamar gonakin nake kallo, don ban taɓa ganin Baba ya gaza a gaban motar nan ba.

Can ya miƙo mini ita. "Karɓi. Ka sassauta notin dinamo, amma kada ka cire shi."

Haka muka yi aikin, baki nasa, hannu nawa. Na tura dinamon ciki, na zura sabon belin ta tsakanin fukafukan fanka, na zaunar da shi cikin kwarmin fuli, faifan ƙarfen da yake zagayawa a kai. Ƙarfe ya kwarzane mini yatsu, ban ko nuna ba. Da na ja dinamon baya na ɗaure, ya danna belin da babban yatsansa.

"Ya yi tauri. Sassauta kaɗan, shi ma yana son numfashi."

Wani manomi ya taimaka mana da ruwa muka zuba a lagireto. Ina murza makulli ta tashi. Baba ya karkata kai ya saurari injin, sannan ya ce, "Madalla. Mu je."

Mun iske Gwaggo da ranta. Ta riƙe hannunsa mai ciwon tana shafawa, suna hirar ƙuruciyarsu ƙasa-ƙasa har la'asar. Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Allah ya jiƙan su, don shi ma yanzu ya daɗe da rasuwa.

Sai da na fara manyanta na gane abin da ya faru a gindin kukar nan. Babu abin da ke yi wa dattijo nauyi kamar ya ce wa ɗansa ya kasa. In ranar ta zo, ka karɓi aikin shiru, ka bar shi ya ci gaba da faɗa maka yadda za ka yi, ko da ka riga ka iya.